Magudanar Ruwa Ta Koma Tudu a Zanena, Ina Zargin Abokin Aikina

Anti Adama, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni 'yar Bunkure ce, na koyi zanen kwamfuta a Kano, irin wanda ake fitar da fili da tudunsa da kwarinsa kamar ka taɓa. Ƙungiyar manoman rani ta garinmu ta sa ni da wani Yusuf, da muka yi karatu tare, mu zana gonakinsu, don a nuna wa jami'an ruwa inda ruwa ba ya kaiwa.

Yusuf ne ya ɗauko hoton gonakin da ƙaramin jirginsa marar matuƙi, ya haɗa min hoton fari da baƙi wanda manhaja ke karantawa: inda ta ga fari ta ɗaga ƙasa, inda ta ga baƙi ta sauke. Da na ɗora shi, sai na ga abin mamaki. Magudanar ruwa ta kumbura kamar kunyar gona. Gonar Babana, wadda ke kan tudu, tumatirinsa na ƙonewa duk rani, ta koma kwari. Gonar mahaifin Yusuf kuwa, da ruwa ke kwana a cikinta, ita ta zama tudu mai neman agaji. Ga ƙasar duk ta yi hawa-hawa kamar matattakala.

Anti, gidanmu da gidan su Yusuf sun daɗe ba sa ga maciji a kan rabon ruwa. Na ce ya kawo hoton a filas, sai ya turo ta waya. Da na nuna masa zanen, dariya ya yi, wai mu kai shi haka, tsofaffin nan ba za su gane ba. Tun daga nan nake kallonsa wani iri. Ban faɗa wa Baba ba, don na san a ranar zai ɗauki sandarsa. Wani lokacin in ce sharri nake wa Yusuf, yaron da ya taɓa ara min kwamfutarsa lokacin jarrabawa. Wani lokacin in tuna dariyar nan. Taron da za a nuna wa jami'an zanen ya matso. In tona shi a gaban mutane ne?

Mai Zullumi, Bunkure

'Yata Mai Zullumi,

Kin kyauta da kika riƙe bakinki a gaban Baba. Na kai wasiƙarki wurin wani mai wannan sana'ar, kuma abin da ya fara lura da shi shi ne magudanar. Mai son cuta gona ɗaya zai taɓa, ba zai kifa gari ɗungurungum ba. Duba titi da babbar magudanar da ke ratsa gonakin. In titi ya nutse, ita kuma ta taso, to hoton ne a juye, ko kuma lambar ƙarfin ɗagawa ta koma ƙasa da sifili a manhajarki. Juya farin da baƙin ki sake gwadawa. Hawa-hawan kuma yawanci daga turowa ta waya ne, don waya kan matse hoto ta zubar da bambancin launi. Karɓi asalin fayil ɗin a filas, sannan ki ƙara rarraba fuskar filin ƙanana-ƙanana don manhaja ta sami abin lanƙwasawa.

Amma ban wanke Yusuf tas ba. Ko da kuskure ne, cewa a kai shi haka ba maganar mai amana ba ce, musamman da kuskuren ya faɗa wa gidansu daidai. Wataƙila kasala ce, wataƙila ya ga banza ya yi shiru. Ke da ni ba mu san zuciyarsa ba.

Kira shi ku buɗe asalin fayil ɗin tare, ku gyara tare. In ya zo, kin tsira da aboki da aiki. In ya yi ta zille-zille, ko kuma bayan gyara gonar Baba kaɗai ta ƙi tashi, ki sanar da shugaban ƙungiya a keɓe kafin taro, a je gonakin a saki ruwa kowa ya ga inda yake tsayawa. Kada dai ki bari zanen da kika san ba daidai ba ya fita da sunanki, ko da a ce gonarku ya fifita.

Allah ya warware miki, ya sa tumatirin Baba ya sha ruwa bana.

Anti Adama