Ɗaki Ɗaya Ya Rage, Maza Suka Riƙe

Batsari, daren Lahadi.

Yau aka raɗa wa jikata ta fari suna Hauwa'u, takwarar matata Kulu. Murna har hulata ta faɗi ban sani ba. Ni da na koyi karatu da furfura a ajin yamma, da hannuna na rubuta sunan a katin asibiti.

Da la'asar aka kira mu makaranta. Mutanen Ruma da suka gudo sun cika azuzuwa, ɗaki ɗaya ya rage wa ajin yamma. Aka ce maza su riƙe, mata su jira a samu lafiya. Ba mace ko ɗaya a wurin. Na ce a raba kwanaki, wani ya ce, "Baba, tuwon fa, kai za ka tuƙa?" Aka yi dariya.

Bana Kulu ta fara ajin, ko rubuta sunanta ba ta gama haɗawa ba. Da na gaya mata ta ce, "Malam, lafiyar nan za ta iske ni da rai?"

Ta ɗauki jaririyar ta ce, "Takwara, yi sauri ki girma, ke za ki ƙarasa mini."