Wuyan Rabi

Daren Laraba, tsakiyar bazara.

Jikina duk ya mutu, amma barci ya ƙi zuwa. Tun shekaranjiya 'yata Rabi take zazzaɓi, muna ta ba ta jiƙo. Yau da asuba na ɗago kanta zan ba ta ruwa, sai wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, ta ƙwalla ƙara tana kau da ido daga fitila. Haka sanƙarau ya fara wa ɗan maƙwabcinmu bara.

Inna, mahaifiyata, ta tare ƙofa. "Kada ka kai ta. Keɓe ta za su yi a bukkar bayan gari, ta mutu a hannun baƙi."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Ɗan maƙwabcinmu da aka ɓoye bara, yana ina?"

Na ɗora Rabi a jaki har asibitin En'e, na hukuma. Malamin asibiti ya ce sanƙarau ne, ya ba ta ƙwayoyi, aka kwantar da ita, uwarta na gefenta. Sai la'asar ta buɗe ido, ta nemi kunu.

Har yanzu Inna ba ta kula ni ba. Amma na ga ta jiƙa gero.