Minti Ukun da Ka Yi da Fuskar Gwaggo Hajo

Zuwa ga Haruna, a Yamai ko duk inda suna ya kai ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar Musulunci, wadda ita kaɗai ta rage tsakaninmu, ina fata kana lafiya. Na kira ka har na gaji. Na tura saƙo, ka karanta, ka yi shiru. Shi ya sa na kawo wasiƙar nan fili, inda masu yabonka suke, su ma su karanta.

Ka tuna shekararmu ta biyu a jami'a nan Tawa, lokacin da malamin ƙungiyar sinima ya ba mu aiki: kowane rukuni ya haɗa buɗewar fim ɗin ban tsoro, minti uku kacal. Sati biyu muka yi a ɗakinka muna kallon farkon finafinai, kana tsayarwa kana rubutu. Kai ka gano yadda ake yi. Wuri ya yi tsit, mutum yana aikinsa na kullum, kamera tana binsa ta baya kamar wani abu ne ke laɓe yana kallonsa. Sai a ɗauke sauti gaba ɗaya. Sai ƙara, sai baƙin allo, sai sunan fim. Kana yawan cewa, "Abin da ka ɓoye shi ke ba da tsoro, ba abin da ka nuna ba." Na ɗauka da gaske kake.

Ni na ce mu je Barmu, don akwai tsohuwar rijiya a bayan gari, kuma akwai gidan ƙanwar babana, Gwaggo Hajo. Wannan laifina ne, ba zan ɗora maka shi ba.

Kwana uku ta sauke mu, ni da kai da Mariyama, ƴar ajinmu da ta fito a matsayin mai ɗibar ruwa. Da tsakar rana muka ɗauka, rana na dukan ka, kai riƙe da kamera, ni riƙe da makirfo. In mun dawo, furar Gwaggo na jiranmu a ƙwarya, irin wadda take kaiwa kasuwa. Ta bar maka gadonta ta kwana a tabarma, wai kai baƙo ne.

Ranar da za mu taso ka ce za ka yi mata hoton bidiyo na tunawa. Tana zaune a bakin ɗaki tana kirɓa fura. Ka tsokane ta cewa za ka aure ta, ta ɗago kai ta yi dariya, da haƙoranta huɗu da idonta na hagu da hakiya ta rufe tun tana yarinya. Ina tsaye a bayanka, ni ma dariyar nake.

Kai kaɗai ka haɗa fim ɗin. Sai ranar nunawa a aji na gani. Mariyama ta leƙa rijiya, sauti ya ɗauke, ta ƙwala ƙara. Inda ya kamata allo ya yi baƙi, sai ga fuskar Gwaggo. Ka rage saurin dariyarta, ka cire muryarta, ka matso da farin idon har ya cika allo. Sannan ka rubuta da jan rubutu: MAYYA.

Aji ya ɗau tafi. Da muka fito na ce ka cire, ka dafa kafaɗata ka ce, "Haba Salisu, wa zai gani a Barmu?" Na yi shiru, don sunana ma yana ƙarshen fim ɗin kuma tafin ya yi mini daɗi. Wannan ma nawa ne.

Amma ba ni na kai shi gasa a Yamai ba. Ba ni na sa shi a intanet bayan ya ci ba. Kai ne, Haruna, ba tare da ka tambayi kowa ba.

Kafin damina ta faɗi ya shiga wayoyin samarin Barmu. Da farko dariya ake. Daga nan mata suka fara janye ƴaƴansu in Gwaggo ta wuce. Ranar kasuwa ta ɗauki ƙwarya cike, ta dawo da ita cike. Sati na gaba ma haka. Matar da ta yi wankan jego ga rabin matan unguwar, ita ce yanzu ake tofa yawu in an ga inuwarta.

Sai ƴar maƙwabcinta ta kwanta da zazzaɓi. Yarinyar ta taɓa ganin fim ɗinka a wayar yayanta, cikin zafin ciwo ta riƙa kiran sunan Gwaggo. Ka san abin da ake yi wa wadda aka ce ta kama kurwa. An jawo Gwaggo daga ɗaki, ba ko ɗankwali, aka ce sai ta tsallake yarinyar a gaban jama'a. Ta tsallake. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, sau uku. Ɗan'uwana da ke wajen ya ce ba ta yi kuka ba, abin da kawai take maimaitawa shi ne, "Mi na yi muku?"

Washegari aka kai yarinyar likita. Zazzaɓin sauro ne, ta warke. Amma a Barmu cewa aka yi tsallakewar ce ta yi aiki.

Na hau mota na ɗauko ta. Yanzu tana gidanmu a Tawa, a ɗakin da muke ajiye buhunan hatsi dā. Ba ta fita ko ƙofar gida. In baƙo ya yi sallama, sai ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta na hagu. Shekara sittin da wani abu tana yawo da idon nan, ba ta taɓa jin kunyarsa ba sai da ka koya mata.

Kai kuwa na ga hotonka kana magana gaban ɗalibai, wai ka samo tsoron ne daga al'adunmu. Daga ƙwaryar da ka sha fura ka samo shi. Wanda ya ci ladan kuturu ma aski yake yi masa, kai ka ci ka tofa a ido.

Ba kyautarka nake so ba, riƙe abinka. Ka sauke fim ɗin daga shafinka. Ka zo Barmu ranar kasuwa, ka tsaya da kamerarka da bakinka mai daɗi, ka nuna musu hoton yadda ka ɗauke shi, da muryarta, da wasan auren da ya sa ta dariya. Ni na je na faɗa, suka ce ɗanta ne, dole ya kare ta. Kai ne za su ji.

Tun lakwal, makarantar firamare, muke zama benci ɗaya, Haruna. Ranar da aka binne babana kai ka shiga kabari tare da ni. Na yi ƙoƙarin in tsane ka gaba ɗaya, abin bai yi ba, kuma shi ya fi ba ni haushi.

Allah ya saka wa Gwaggo, ya mayar da ita ɗakinta da mutuncinta. Ya yafe mini shirun da na yi. Kai kuma Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya hana ka natsuwa har sai ka zo ka durƙusa gabanta tana da rai.

Ni ne,
Salisu, wanda ya nuna maka hanyar gidanta.