Ƙofar da Na Buɗe wa Dogo

Litinin, 3 ga Maris
Wata bakwai ke nan da likita ya raba ni da tuƙi saboda zuciya. Shekara talatin da ɗaya ina jan tirela, yau ga ni da sitiyarin roba ɗaure a teburin falo, ina tuƙi cikin kwamfuta. Dogo da Mai Taya, tsofaffin abokan hanyata, su ma sun samu wasan. Muna so mu jera motoci kamar da, kuma kwamfutata ce za ta karɓi baƙuncinsu don ta fi ƙarfi. Sun kasa shigowa. Wai rauta ce ta tare su, akwatin intanet ɗin nan da ke kan firij.

Talata, 4 ga Maris
Na ce wa 'yata Auta ta buɗe musu. Daga ɗakinta take aikin ofis, abu toshe a kunne.
"Baba, bari in samu sarari. Don Allah kar ka taɓa ta."
Kar in taɓa. A gidana. Ni da na sauke giyabos a bakin titi ana ruwa.

Alhamis, 6 ga Maris
Sararin bai samu ba. Na kifa rautar, ga kalmar sirri rubuce a gindinta. Na shiga, na samo shafin ƙofofin da na waje ke bi su shigo, kowace da lambarta. Lambobi biyu wasan yake so, na kwafe su a bayan kwalin maganina, na saka su. Dogo ya bugo: "Direba, har yanzu a waje nake."

Juma'a, 7 ga Maris
Haushi ya ishe ni. Na ga inda aka rubuta katangar tsaro, na kashe ta. Duk abin da na tarar a rufe na buɗe. Nan take Dogo ya shigo, sai Mai Taya. Tirela uku a jere! Mai Taya har gobe bai iya baya-baya ba. Na yi dariya har matata, mamansu Auta, ta leƙo daga kicin: "Malam, lafiya?" Rabon da in yi irinta tun kafin asibiti.

Asabar, 8 ga Maris
Ban faɗa wa Auta ba. Ba dole.

Laraba, 12 ga Maris
An dakatar da Auta daga aiki. Wasu sun kutsa rautar suka karkata ta, Auta ta buɗe shafin ofis ashe na bogi ne, ta rubuta musu kalmar sirrinta da hannunta. Suka shiga takardun kamfanin da sunanta. Ta duba saitin, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.
"Baba, kai ka kashe wannan?"
Na ce ai da ta buɗe min tun waccan Talatar, da ba a kai nan ba. Ta tashi ta shige ɗakinta. Da ma ta yi faɗa.

Alhamis, 13 ga Maris
Ba ni na yi kutsen ba. Ɓarayi suka yi. Mamansu ta dire min abinci ko kallona babu.

Asabar, 15 ga Maris
Auta ta soka tsinke a bayan rautar ta goge komai, ta ja kujera ta ce in zauna. Katanga a kunne. Sabuwar kalmar sirri mai tsawo. Ashe lambar kwamfutata ke canjawa duk lokacin da na kashe ta, shi ya sa ƙofofin suka ƙi aiki. Ta tsayar da lambar wuri ɗaya, ta buɗe ƙofa biyun nan kawai. Minti goma. Idonta a kumbure, amma sai da ta jira Dogo ya shigo kafin ta tashi.
Na ce masa ƙafata na ciwo, na kashe.

Talata, 18 ga Maris
Jiya na karɓi lambar ogan Auta a wajen mamansu na buga masa. Na ce ni ne mahaifinta, ni na kashe katangar, yarinyar har hana ni ta yi. Ba haƙuri na ba shi ba, bayani na yi.
Yau sun mayar da ita, da gargaɗi a rubuce. Na kai shayi ƙofar ɗakinta, na ji tana waya, na tsaya a nan da kofin har ta gama. Ta karɓa, ya riga ya huce, ta shanye.
Ba don komai na kai mata ba, ruwan ne dai ya yi min yawa a butar shayi.