Lambar Hassane, Ɗinkin Isha'aku

Bani Malik, Jidda
6 ga Janairu, 2025

Zuwa ga matata abar ƙaunata, Zeinabou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Safia da kowa na gida a Damagaram. Yaya jikin Inna? Allah ya sa ƙafar ta yi sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Ni lafiya lau nake, sai kewarki da kewar tuwonki, domin shinkafar Jidda ta ishe ni.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Na san halinki da saƙon murya, a tsakar gida kike buɗe shi kowa ya sha labari. Wannan magana ba ta tsakar gida ba ce, shi ya sa na ba wani mai umara ya kawo miki hannu da hannu.

Faransa za ta ba Hassane lambar girma. Hassane dai namu, abokina, mijin Hadiyya, wanda muka sauka Jidda a jirgi ɗaya shekara talatin da ɗaya da suka wuce, da jaka ɗaya tsakaninmu. Sunan lambar Ordre national du Mérite. Ranar Alhamis ya shigo shagona da wasiƙar a cikin leda, yana lallaɓa ta kamar iƙama, takardar izinin zama, ya tsaya gaban keken ɗinkina ya karanta mini da ƙarfi. Sau biyu ya yi tuntuɓe a karatun na gyara masa, kamar yadda na saba tun muna lakwal, makarantar boko. Kin san ni ke zuwa na ɗaya a ajinmu, shi kuwa har wuyansa ya yi tsawo saboda leƙen allona. Yau shi ne shabaliye, wai jarumi mai doki, mutumin da ko jaki bai iya hawa ba.

Bayan ya tafi na bincika a waya. Janar De Gol ne ya kafa lambar a 1963, ana ba waɗanda suka yi wata hidima ta musamman, 'yan ƙasa da baƙi. Na ga irin mutanen da suka samu: manyan sojoji, likitoci, masu binciken teku, mawaƙa, 'yan ƙwallo, har da shugabannin ƙasashe. Cikin waɗannan za a tsoma Hassane ɗan mai goro. Wai don ya yi shekara talatin yana yi wa alhazan Faransa tafinta da jagora. Wannan ban musa ba, ya sha wahala a filin jirgi da asibitoci. Amma a ƙasan wasiƙar sun ambaci ranar ruwa.

Kin san labarin, amma bari in sake faɗa miki, don in ban faɗa wa wani ba zan fashe. Shekarar 2009, ana gobe Arfa, Hadiyya ta fara naƙudar Razan. Hassane ya roƙe ni in raka wasu tsofaffin alhazai tara 'yan Marseille da suka makara zuwa hanyar Makka, ya ba ni falmaransa ta aiki mai sunansa a ƙirji. Ambaliya ta tare mu, ruwa ya fara jan motar. Ni na shiga ruwan nan har wuya, na goya su ɗaya bayan ɗaya zuwa kan tudu. Tun ranar nake tari duk lokacin sanyi. Da suka koma ƙasarsu sai suka yi ta aiko da wasiƙun godiya ga sunan da suka gani a falmaran. Ba mu iya cewa komai ba. Iƙamata ta ɗinki ce, da an ji na yi wa wani aiki ban da kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, da an tasa ƙeyata gida, shi ma ya rasa aikinsa. Muka yi shiru, kuma ban manta ba, ni na ce a yi shirun.

Na tashi na rungume shi na yi masa barka. Bakina ya faɗa, zuciyata ba ta bi ba. Zeinabou, hassada nake yi masa, hassada sosai. Na yi istigfari ya fi a ƙirga, amma da na zauna kan keke sai ta dawo ta zauna kusa da ni.

Ya kuma bar mini farar shadda, wai ni zan ɗinka masa kaftanin bikin, don bai yarda da hannun kowa ba. Kin ga rabona a cikin lambar ke nan, in yi wa mai ita kwalliya.

Ki gaishe da Inna da kyau, ki ce wa Safia ta dage da karatu. Ki yi mini addu'a.

Mijinki,
Isha'aku

Bani Malik, Jidda
26 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Zeinabou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kun tashi lafiya. Na ji daɗi da kika ce Inna ta fara takawa zuwa ƙofar gida, Allah ya ƙara sauƙi. Yajin da kika aiko ya iso tare da wasiƙarki, na gode.

Kin ce Allah ya ga wanda ya shiga ruwa, kuma ba a binne mutum da ƙarfe a ƙirji. Gaskiya kika faɗa, Malama. Amma ke kina Damagaram, ba ki ji abin da kunnena ke ji ba. Duk Bahaushen da ke Bani Malik yanzu Shabaliye yake ce masa. Mutum zai shigo shagona a rage masa wando, sai ya tsaya yana ba ni labarin jarumtar Hassane, ni da ruwan ya shiga hancina.

Juma'ar da ta wuce Hadiyya ta yi walimar rana a gidansu na unguwar Safa. Ana cikin cin abinci wani ya ce Hassane ya ba da labarin ranar ruwa. Sai ya sunkuyar da kai cikin faranti, ya ce a bar maganar. Nan take kowa ya hau yabon tawali'unsa. Kin gani, har shirunsa ma lada yake jawo masa. Ina zaune a gefensa, gwiwata na taɓa tasa, bai ko dube ni ba.

Bayan an watse Razan ta kawo waya tana nuna mana yadda ake bikin. Babban mutum ya yi jawabi, ya maƙala lambar a ƙirjin hagu, tauraro ce shuɗiya mai reshe shida rataye da shuɗin ƙyalle. Daga nan sai ya rungumi mai karɓa, kumatu da kumatu, dama da hagu, kamar yadda Faransawa suke yi. Mai karɓa dole ya ɗaga hannuwa ya rungume shi. Kowa lambar yake kallo, ni kuwa tela ne, idona kan hammatar riga ya sauka.

Yanzu ki nutsu ki ji abin da mijinki ya yi. Kin san kafin gwaji mukan kama hannun riga da zaren kamu, ɗinki mai faɗi da zare mara ƙarfi, in an gwada ya zauna sai a bi shi da ɗinkin gaske. To, kaftanin Hassane na yi masa aikin da ban taɓa yi wa kowa ba. Wuyan kaɗai kwana huɗu ya ci mini, na kuma ninka ƙirjin hagu daga ciki don allurar lambar ta samu wurin kamawa. Amma hammatar dama, tun daga hannu har zuwa haƙarƙari, zaren kamu na bari. Na goge shi ya kwanta lif, ba mai gani. In ya tafi a hankali ba abin da zai faru. Ranar da ya ɗaga hannu, shi ke nan.

Da ya zo karɓa ya ce ko ya gwada, na ce ba sai ya gwada ba, na fi madubi sanin jikinsa. Ya yi dariya, ya shafa aikin wuyan, ya ce duk Jidda babu hannu irin nawa. Ya ajiye mini katin gayyata, sunana da zanen zinariya.

Bikin jibi ne, Talata da la'asar. Jiya na rufe shago da niyyar in je Safa in karɓo rigar, in ce na manta wani abu. Na kai bakin titi, har mota ta tsaya, sai na tuna yadda ya sunkuyar da kai cikin farantin nan. Na sallami mai motar na dawo. Na san kafin takardar nan ta iso ki an gama komai, kuma ina jin shi ya sa na zaɓi takarda.

Kada ki faɗa wa kowa. Ki gaishe da mutanen gida.

Naki, ko da ya ɓata miki rai,
Isha'aku

Bani Malik, Jidda
30 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Zeinabou, uwar Safia,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da yarinyarmu. In kin tambayi lafiyata, jiki lau, amma kwana biyu ke nan abinci ba ya shiga.

Na je bikin. A lambun gidan ƙaramin jakadan Faransa aka yi, ga Turawa, ga Larabawa, ga mu Hausawa kamar ashirin a tsaye a baya. Ni na laɓe kusa da ƙofa. Hassane ya fito cikin kaftanin nan, wallahi ya yi masa kyau, har wata Baturiya ta tambayi wanda ya ɗinka. Jakadan ya yi jawabi a kan shekara talatin na hidima, ya ambaci ranar ruwa, aka tafa. Ya maƙala lambar, ta zauna daram a inda na ninka. Sannan ya buɗe hannuwa, Hassane ya ɗaga nasa.

Daga inda nake na ji ƙarar. Hammatar ta buɗe har haƙarƙari, singiletinsa a waje. Wasu suka kawar da kai, wani ya yi dariya ya mai da ita tari, Hadiyya ta rufe fuska da mayafi. Wata uku da suka wuce da an ce mini zan yi wa Hassane haka, da na yi faɗa da mutum. Na jira in ji daɗin da na yi sati uku ina tanadi, ban ji komai ba.

Hassane ya dubi wurin, ya daɗe yana dubawa fiye da yadda ake duban yagewar riga. Sai ya matse hannun a jikinsa, ya karɓi abin magana da hagu. Ya yi godiya da Faransancinsa mai tuntuɓe, ya ce a yi masa afuwa, murna ce ta sa shi ƙiba, aka yi dariya. Daga nan ya nemi izini ya yi wa 'yan uwansa magana da harshensu.

Da Hausa ya faɗa, Zeinabou, a gaban duk waɗanda ke kiransa Shabaliye. Ya ce shekara talatin nasa ne, ya karɓa, amma ranar ruwa yana asibiti yana jiran haihuwar Razan, ko tafin ƙafarsa bai jiƙe ba. Ya ce wanda ya goyi mutum tara yana nan tsaye bakin ƙofa, shi ya koya masa Faransancin da yake ci da shi, shi ya ɗinka duk rigar da ya sa tun zuwansa ƙasar nan. Ya ce shekara goma sha biyar duk lokacin da aka yabe shi a kan ranar nan ji yake kamar ya sa takalmin wani, kuma bai taɓa iya duban idona ba in ana maganar, don ni na ɗaure masa baki. Duk wannan yana faɗa ne hannunsa na dama a manne da jikinsa, yana rufe aikina.

Turawa suka tafa ba tare da sun san abin da aka ce ba. Namu kuwa duk suka juyo suna kallona, wasu na miƙo hannu. Abin da na yi shekara goma sha biyar ina so ke nan, ga shi ya zo, ni kuma ina neman ƙasa ta tsage in shige. Na sulale na fita ko lemo ban sha ba.

Jiya da hantsi sai ga shi a shago da kaftanin a leda. Bai zauna ba. Ya ajiye a kan teburin yanka, ya ce in gyara masa, amma wannan karon da zaren da na saba yi masa ɗinki. Iyakar abin da ya ce ke nan, ya yi mini sallama kamar kullum ya tafi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana shan shayi a gefen kekena ya san zaren kamu in ya gan shi. Tun a lambun ya gane, kafin ya buɗe baki ya yabe ni.

Da na zazzage rigar sai na ji nauyi a aljihu. Lambar ce, a naɗe cikin hankici. Ba zan ɓoye miki ba, na saki labule, na maƙala ta a ƙirjina, na tsaya gaban madubin gwaji. Abin da na gani tsohon tela ne da zare a gemu, wanda ya tona wa amininsa asiri a gaban baƙi. Na cire ta na mayar cikin hankicin.

Kin ce in roƙi Allah ya cire mini hassada. Bai cire ba tukuna, wuri kawai ta sauya. A da lambar nake yi wa, yanzu kuwa zuciyar mutumin nake yi wa, don na san da ni aka yi wa abin da na yi masa, da sunansa bai fito daga bakina da alheri ba. A wannan ma ya fi ni, kuma babu falmaran da zan ce ita ta jawo.

Na ɗinke hammatar, na bi ta sau biyu, na ja da duk ƙarfina ba ta motsa ba. Gobe bayan sallar Juma'a zan kai masa Safa da kaina, lambar na cikin aljihun da na same ta. Zan faɗa masa da bakina abin da ya riga ya sani, a gaban Hadiyya, tunda a gabanta na kunyata shi.

Wannan takardar, in kin ga dama, ki karanta ta a tsakar gida.

Ki gaishe da Inna, ki shafa mini kan Safia. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki mai neman afuwarki,
Isha'aku