Ranar Da Na Kai Baba Bakin Teku

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gaisuwar da ta dace da ke, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ban san yadda zan sassauta miki maganar nan ba, don haka ga ta: ranar Asabar saura ƙiris Baba ya biyo ki.

Kin san tun da na ɗauko shi daga Kano bayan arba'in ɗinki, ya zama kamar baƙo a gidana na Edmonton, nan ƙasar Turawa. Daga kan darduma sai bakin taga. Mutumin da ke cika tsakar gida da tsokana, sai in yi ta surutu ya ce mini "to" kawai. Abu guda da na ga idonsa ya tsaya a kai shi ne babur ɗin da nake zuwa aiki asibiti da shi, wanda kika sha cewa ba na 'ya mace ba ne. Ranar Juma'a ya shafa tankin, ya ce shi fa bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Ban bari ya sake tunani ba.

Washegari da hantsi muka kama hanyar Essex, yankin da ke bakin teku. Na sa masa jaket a kan kaftani, hular kwano kuma ta ƙi zama sai da muka cire na'urar kunnensa mai taimaka masa jin magana, na jefa ta a aljihuna. Manyan motoci suna wuce mu iska tana ture babur, ni kuwa hankalina duk yana baya, ina jin nauyinsa a kowace kwana. Da muka fita gari hanya ta bi gefen ruwa. Ga ƙananan ɗakunan katako masu fenti kala-kala, ga kwale-kwale kwance a taɓo, ga ƙarnin kifi yana shigowa har cikin hula. Sau biyu ya taɓa kafaɗata ya nuna mini wani abu. Umma, daɗi ya kusa sa ni kuka.

Da azahar muka tsaya wani ƙauye. Ruwa ya janye can nesa, sai yashi shimfiɗe kamar filin Idi. Baba ya ce zai je ya yi alwala da ruwan teku ya yi salla a can. Na bar shi, na tafi sayo shayi. Mu da muka tashi inda ruwa ba ya ƙaruwa sai an yi ruwan sama, ina za mu kawo wani abu a rai, ga rana tar?

Wata tsohuwar Baturiya mai jan kare ce ta tare ni, ta tambaya ko mutumin can nawa ne. Ta ce ruwan yana dawowa, kuma ba ta gaba yake zuwa ba, ta wani kwari yake zagayowa ta baya.

Na juya. Tsakanina da Baba har ruwa ya ja layi.

Na zubar da shayin na zura da gudu cikin takalman hawan babur masu nauyi, ina ƙwala masa kira, kunnensa kuma yana aljihuna. A kwarin ruwa ya kai mini gwiwa, sanyinsa kamar ana yanka ni. Na iske shi ya sallame, yana zaune ya ɗaga hannuwa, ruwa ya riga ya jiƙa gefen kaftaninsa. Ban taɓa katse wa Baba addu'a ba a rayuwata. Ranar na finciko shi.

A dawowa ruwan ya kai mini ƙugu, yana jan ƙafafunmu gefe. Baba ya zame, na tallafo shi, sai a lokacin na san yadda ya rame. Goya shi na yi, Umma. Ban san da wane ƙarfi ba. Tsohuwar nan da wani mutum suka shigo suka kama mu muka fita.

Na lulluɓe shi da jaket ɗina, na mayar masa da na'urar, na fara yi masa faɗa kamar ba ubana ba. Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Ai na ga ruwan, Hadiza. Ina cikin yi wa uwarki addu'a ne, sai na ji ba na son tashi."

Har yau maganar nan ba ta bar ni na ci abinci da daɗi ba. Babur na bar shi a can, a jirgin ƙasa muka dawo, hannunsa cikin nawa har gida. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na kuma sa shi ya yarda zai ga likita. Yanzu kullum ina zaunar da shi ya ba ni labarinki, ko yana so ko ba ya so, kuma ya fara bayarwa.

Na san kewarki ce ke cinsa, ni ma tana cina. Amma ki yi haƙuri, Umma, ban shirya ba ki shi ba tukuna.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sanyaya zuciyar Baba, Ya bar mini shi ya daɗe.

'Yarki,
Hadiza