Na Zare Ɗamarar Faifan Matata

An sake buga faifan matata! Shekara arba'in da biyu bayan ya fito bai yi kasuwa ba, yau ga shi a tagar shagon faifai na unguwarmu, matasa suna tsayawa suna ɗaukar hotonsa. Malama Yorie mai shafin ba da shawara, ki gafarce ni, ko gaishe ki ban yi ba. Ina gaisuwa. Ki taimake ni da shawara kafin Lahadi, domin na yi abin kunya, kuma har yanzu ni kaɗai na sani.

Shekarata saba'in da uku, jikokina huɗu. Walda na yi a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a nan Yokohama har na ajiye aiki, ƙarar guduma ta cinye mini kunnen hagu. Da wuri na bar makaranta. Ƙananan baƙaƙe ina iya haɗa su, amma manyan nan masu rassa, waɗanda kowane ɗaya ma'anarsa daban, sun fi ƙarfina, sai da na kai sittin na shiga ajin yamma na koye su. Wannan wasiƙa da hannuna na rubuta ta.

Matata Chizuru faifai ɗaya tak ta yi, a 1983, irin waƙoƙin birni na wancan zamani, na mota da bakin teku da fitilun titi. Da bai karɓu ba ta koma aiki a wani shagon taliya, a can na gan ta, muka yi aure. Tsohon faifan yana cikin kabad ɗinmu tun lokacin. Bara wani ƙaramin kamfani ya ce yara a ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba suna neman muryarta. Ranar na zaga unguwa, har mai gyaran keke sai da na gaya masa.

Damuwar daga faifan gwaji ta fara. Kafin a buga da yawa sukan aiko da guda ɗaya, mai waƙa ta saurara ta ce ya yi. Na share garmaho, na sayo sabuwar allura, na dafa shayi. Sai na ga ta naɗe shi a ƙyalle, ta sa rigar fita. Ta ce za ta kai wa Kuramochi, wanda ya kaɗa mata jita a faifan, su saurara tare. Jirgin ƙasa biyu ake shiga kafin a kai gidansa. Ta dawo da yamma fuskarta kamar ta yarinya, tana cire takalmi ta ce, "Baban yara, kunnen Kuramochi bai tsufa ba." Na ce madalla. Shayin na zubar.

Makon jiya kamfanin ya aiko mana da guda ashirin na rabon dangi da maƙwabta. Sun kwaikwayi na dā ba su rage komai ba, har ɗamarar takardar nan da ake zagaya wa kwali. Na sa tabarau don in karanta sunan matata da kaina. Na karanta shi, idona ya cika. Sai na ci gaba zuwa ƙasa, inda aka rubuta: murya da jita da aka halitta don juna. Na ɗauko tsohon na kabad, haka yake ɗauke da shi. Ashe shekara kusan arba'in ina kwana ɗaki ɗaya da wannan magana, ina goge mata ƙura, ban san abin da take cewa ba, ko bayan na koyi karatu ban taɓa tsayawa na duba ba. Kuma kowa ya sani ban da ni. Ƙanwata ta karanta, surukaina sun karanta.

Tana fita kasuwa na zare ɗamarun duka ashirin. Ban yaga ba, suna cikin gwangwanin biskit. Na mayar da faya-fayan cikin kwalin da aka aiko su na rufe. Na sani sarai faifai babu ɗamara kamar baƙo ne ya zo biki babu riga, duk mai tara faifai zai gane da kallo ɗaya. Ranar Lahadi za ta sa hannu ga masu saye a shagon faifan, Kuramochi a gefenta, da gashinsa da bai zube ba, kuma a can za ta buɗe kwalin ta raba wa dangi.

Ban taɓa kama ta da komai ba. Mutumin ma yana da mata. To me ya sa nake jin kamar an zo karɓar abin da aka ba ni ajiya? In mayar a ɓoye, ko in faɗa mata? In je, ko in ce baya ke ciwo?

Duk da haka, jama'a, ku zo. Shagon da ke bayan tashar Isezaki, ƙarfe biyu na rana. Ku zo ku ga kakar jikokina a kan kwali, ku ji muryar da ake nema daga bangon duniya.

Daga Tsohon Mai Walda

Baba Mai Walda,

Barka da wannan abin farin ciki, kuma rubutunka ya fita tsaf. Sai dai ka ɓoye sunanka, ka faɗi na matarka da shago da rana da lokaci. Maƙwabtanka suna karanta wannan jarida. Saboda haka zancen mayarwa a ɓoye ya wuce, yau za ka faɗa mata, kafin mai gyaran keke ya riga ka.

Maganar da ke kan ɗamara ba matarka ta rubuta ba. Wani ma'aikacin talla ne ya tsara ta don faifai ya sayu, kuma ka ga ko sayuwar bai yi ba. Kai ne take sabuwa a wurinka, shi ya sa take zafi. Faifan gwaji kuwa aiki ne, ana neman kunnen da zai kama ƙaramin kuskure, kuma Kuramochi yana wurin ranar da aka ɗauki waƙoƙin.

Amma ba zan ce ba ka da abin faɗa ba. Ka sayi allura, ka dafa shayi, ta wuce ba ta lura ba, kuma maganar kunne ga mai kunne ɗaya ba ta yi daɗi ba. Wannan shi ne ainihin ƙorafinka, shi za ka gaya mata, ba tare da ka sako Kuramochi ba. Ka ajiye gwangwanin a gabanta, ka ba ta haƙuri, ku mayar da ɗamarun tare. Idan ta yi fushi ka bar ta ta yi, ranarta ka taɓa. Idan ta yi dariya ka daure, wataƙila ya fi zafi. Bayan haka ka roƙe ta ta sa maka faifan tun daga farko, ta ba ka labarin kowace waƙa. Da alama ba ka taɓa tambaya ba.

Ranar Lahadi bayanka lafiya lau. Ka sa kwat, ka riga Kuramochi sunkuyawa don gaisuwa, ka gode masa da ya yi wa matarka kiɗa mai kyau. Tsayuwa a gefenta na awa biyu nasa ne, hanyar komawa gida taka ce.

Ina yi muku fatan taro lafiya da sauran shekaru masu daɗi. Ni ma zan shiga layi, kuma zan leƙa cikin kwalin.

Yorie